Tambayi Likita: Kwantan Shinkafa, Baƙin Mai da Ruwan Wanke-wanke a Gidajen Abinci

Assalamu alaikum. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, saƙonnin da ke shigo min suka sauya kama. A da yawancinsu a kan hawan jini ne da ciwon suga da haihuwa. Yanzu da wuya mako ya wuce ban samu tambaya a kan abincin sayarwa ba, daga masu saye har masu sayarwar. A tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin kayan abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Mai gidan abinci tana cikin tsaka mai wuya. In ta ƙara kuɗin faranti masu saye su gudu, in ba ta ƙara ba jari ya karye, don haka dole ta nemi inda za ta rage. Wani ragin ba ya cutar da kowa, wani kuwa shi ke cika mana gadajen asibiti. A kan wannan na zaɓo tambayoyin yau.

Tambaya daga wata mai gidan abinci a Kano: Likita, ina sayar da abinci kusa da tasha. Ciniki ya ja baya, sau da yawa shinkafa na yi min kwantai, kuma ba ni da firji. Nakan bar ta a kula ta kwana, da safe in turara ta in haɗa da sabuwa. Maƙwabciyata ta ce hakan na sa ciwon ciki. Ni kuwa na ga da ɗumame muka tashi, ba abin da ya same mu. Mece ce gaskiya?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Maƙwabciyarki gaskiya ta faɗa miki, kuma ina roƙonki ki daina daga yau.

Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus, tana zuwa ne tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona. Tana da wata dabara: idan ta ji wuya sai ta shige cikin ƙoƙo mai tauri kamar iri, ta yi likimo, har a gama dahuwa ba ta mutu ba. Muddin shinkafar na da zafi sosai, wato sama da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, ba ta motsi. Haka in tana da sanyin firji, ƙasa da digiri 5. Tsakanin nan ne take farkawa ta shiga hayayyafa. Ita kuwa kula sa'o'i kaɗan take riƙe zafin kirki, daga nan abincin ya koma ɗumi-ɗumi, ya kwana a haka. Ba abin da ƙwayar cuta ke so kamar wannan ɗumin. A yanayin da ya yi mata daɗi takan rabu biyu duk bayan kamar minti 20, ƙwaya ɗaya ta haura miliyan 2 cikin awa 7.

Za ki ce ai kina turarawa. Turarawar na kashe ƙwayoyin, amma kafin su mutu sun riga sun zuba dafi a cikin shinkafar, shi kuma wannan dafin wuta ba ta lalata shi. Ba ya wari, ba ya sauya ɗanɗano. Na taɓa karɓar wasu leburori biyar a dare ɗaya, daga wurin gini ɗaya, duk suna kwara amai. Da na bi diddigi, abinci ɗaya ne ya haɗa su: shinkafa da mai da yaji da suka saya da la'asar. Cikin awa biyu zuwa uku aman ya fara, wanda shi ne alamar wannan dafin. Huɗu sun koma gida da safe. Na biyar, wanda ya fi su shekaru, sai da muka yi masa ƙarin ruwa leda uku kafin ya iya zama.

Ɗumamen gida da kika kawo misali, shi ma yakan ɓata ciki, sai dai mukan ɗora laifin a kan wani abu dabam. Kuma akwai bambanci tsakanin 'yar malmala biyu da ta huce da wuri, da kula cike da shinkafa wadda tsakiyarta ke riƙe ɗumi har asuba. Sannan ke mutum hamsin kike ciyarwa, cikinsu akwai mai ciki, akwai tsoho, akwai wanda zai kai wa yaro ragowa gida. Haɗa tsohuwa da sabuwa kuwa ɓata sabuwar ne kawai.

Mafita tana wajen awo. Maimakon ki dafa kwano huɗu da safe, dafa biyu, in ya kusa ƙarewa ki ɗora ɗaya. Na san gawayi zai ƙaru kaɗan, amma ki lissafa shi da kuɗin kwanon shinkafar da ke kwana. Abin da ya rage da yamma, tun yana da zafinsa ki karya farashi ki sayar, ko ki yi sadaka da shi, ladan na nan. Ƙa'idar da muke bi ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye bayan ya fara hucewa. A zafin Kano na Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, awa 1 ce. In Allah ya hore miki firji, ki baza shinkafar a faffaɗan tire ta huce da sauri, ki sa ta a ciki, ki ɗumama washegari sau ɗaya tak har sai tururi na tashi daga tsakiyarta.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Kullum ina cin awara da ƙosai a bakin makaranta. Na lura man da ake suyar ya yi baƙi ƙirin, sabo kawai ake ƙarawa a kai. Yana da illa?

Amsa: Yana da ita, ɗana, sai dai ba irin wadda za ka ji yau ba. Duk sa'ad da aka ɗora mai ya yi zafi, aka sauke ya huce a buɗe, aka sake ɗorawa, yana lalacewa ne yana haifar da wasu sinadarai masu cutar da jijiyoyin jini da hanta. Illarsu taruwa take yi a hankali, kuma ta fi faɗa wa irinka mai ci kullum. Saboda haka ne ƙasashen Turai da dama suka kafa doka cewa in lalatattun sinadaran sun kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na man, dole a zubar.

Mu ba mu da na'urar awo a bakin titi, amma muna da ido da hanci. Ka tsaya ka dubi kaskon. Man da ya mutu yakan yi duhu da kauri, yana danƙo a gefen kasko kamar ƙaro. In an jefa ƙullu sai kumfa ta taso ta ƙi kwanciya. Yana hayaƙi tun wuta ba ta yi ƙarfi ba, hayaƙin na yaji a ido. Ƙosan yakan yi baƙi a waje alhali cikinsa bai nuna ba, in ka ci ka ji maƙaƙi a maƙogwaro. In ka ga haka, ka canza wuri ko ka rage ci.

Ga 'yan uwana masu suya, na san abin da jarkar mangyaɗa ta zama, ba zan ce ku zubar da mai kullum ba. Ku nemi kasko ƙarami mai zurfi, ya fi cin mai kaɗan. Ku rage wuta don kada man ya yi hayaƙi. In an tashi, a tace shi da kyalle mai tsabta a cire ɓurɓushin da ya ƙone, domin shi ke saurin kashe mai, a zuba a mazubi mai murfi nesa da rana. Amma in ya kai ga alamomin da na lissafa, zuba sabo a kansa asarar sabon ce.

Tambaya daga wani magidanci a Kaduna: Ina ganin masu gidajen abinci na sayen fasasshen tumatir a kasuwa saboda araha. Har matata ta fara. In an tafasa shi sosai ba shi ke nan ba?

Amsa: Malam, a nan sai mun rabe abu biyu. Akwai tumatirin da ya fashe yau a cikin kwando saboda danniya a mota, jikinsa da ƙarfi, ba wari. Wannan in an wanke shi da kyau, aka yanke wurin da ya fashe, aka dafa a ranar, ba laifi. Akwai kuma wanda ya ruɓe, yana tsiyayar ruwa, ƙuda na bi, ga fumfuna fari ko baƙi a kansa. Wannan ba abinci ba ne ko da kyauta aka ba ka. Fumfunar da kake gani a sama kai ne kawai, saiwoyinta sun ratsa cikin tumatirin saboda laushinsa, don haka yankewa ba ta wadatarwa. Wasu nau'o'in fumfuna kuma suna zuba dafin da tafasa ba ta kashewa.

Tun da an zo maganar fumfuna, wadda ta fi tsorata ni ba ta tumatir ba ce, ta gyaɗa ce da masara. Dafinta ake kira afulatoksin. Yana taruwa a hanta, yana cikin manyan abubuwan da ke jawo dajin hanta, haɗarin kuma yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a cikinmu. A 2004 a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta bayan cin masarar da ta yi fumfuna, 125 suka rasu. In tsada ta yi tsada, gyaɗar da aka tsince a gefe, mai baƙi-baƙi da ɗaci, ita ake saye da araha a yi ƙuli-ƙuli da yajin tsire da ita. Duk gyaɗar da ka tauna ka ji ɗaci, tofar da ita.

Ka ce wa uwargida in tumatir ya gagara, ba dole sai jar miya ba. Ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga karkashi, ga taushe da kabewa. Kauɗar da aka shanya a wuri mai tsabta ta bushe ƙayau ma ta fi ruɓaɓɓen ɗanye nesa ba kusa ba.

Tambaya daga wata ma'aikaciya a Abuja: Da gaske ne wasu na jefa farasitamol a tukunya don ganda da ƙafar sa su yi saurin nuna?

Amsa: Ana yi, 'yar uwa, har hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha yin gargaɗi a kai. Dalilinsu tsadar gas da gawayi. Wannan ganganci ne da rayukan mutane. Farasitamol in ya wuce ƙima hanta yake kashewa, in kuma aka dafa shi yakan rikiɗe ya fitar da wani sinadari mai illa ga ƙoda. Mai ci bai san nawa ya shiga cikinsa ba, wataƙila ma ya sha nasa na ciwon kai da safe. Ba a gane shi a baki, don haka ba ni da wata dabarar da zan ba ki ta ganowa, sai dai ki ci a wurin da kika amince da masu shi.

Mun ga inda irin wannan neman sauƙin ke kaiwa. A watan Maris na 2021 a Kano, ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu na fitsarin jini, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin da aka sayar a matsayin ɗan tsami. Masu haɗa lemon ba su yi niyyar kashe kowa ba, araha suka bi. Garin neman gira aka rasa ido.

Mai son nama ya yi laushi da wuri, ta yanka shi ƙanana, ta jefa 'yan yankan ɗanyar gwanda, ko ta tara kuɗi ta sayi tukunyar nan mai kulle tururi, wadda ke rage lokacin dahuwa da fiye da rabi. Wake kuma a jiƙa shi tun dare.

Tambaya daga wani mai gidan abinci a Gusau: Wuta ba ta zama, man janareta ya fi ƙarfina. Kaji da kifin da ke firiza sukan saki su sake daskarewa. Ina shinshinawa, in ba wari sai in dafa.

Amsa: Alhaji, hanci ba ya kama ƙwayoyin da muke tsoro a jikin kaza, irin su Salmonella. Nama na iya zama cike da su ba tare da wari ba. Ga abin da za ka riƙe: firiza cike, in ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kamar awa 48 bayan ɗauke wuta, rabi kuma awa 24. Firji awa 4 ne kacal. In ka taɓa naman ka ji har yanzu da ƙanƙara a jikinsa, ana iya mayarwa. In ya saki sarai amma da sanyinsa, a dafa shi nan take har ya nuna zuwa ƙashi. In kuwa ya saki ya ɗau ɗumi, jini ya taru a ƙasan firizar, ba ka san awa nawa ya yi a haka ba, to haƙuri za ka yi da shi. Da yawa sun yi irin wannan asarar a duhun da ya rufe yawancin Arewa na kwanaki a watan Oktoban 2024. Tun da wutar ba abin dogaro ba ce, ka koma sayen na yini ɗaya, ko ka soya ya bushe, ko ka yi banda kamar yadda iyayenmu ke yi. Kuma kada ruwan ɗanyen nama ya taɓa salak ko dafaffen abinci, a wuƙa ne ko a katakon yanka ko a hannu.

Tambaya daga wata yarinya mai wanke-wanke a gidan abinci: Likita, kwana biyu ina gudawa, amma in ban je aiki ba ba za a biya ni ba. Kuma uwar ɗakina ta ce jarka biyu kawai za mu riƙa saye a wurin 'yan garuwa, don haka da ruwan baho ɗaya muke wanke kwanuka tun safe har azahar. Ina jin tsoron alhaki.

Amsa: 'Yata, Allah ya ba ki lafiya, ya yi miki albarka da wannan tsoron Allah da ke zuciyarki. Tambayarki ta fi duk na yau taɓa ni, domin laifin ba naki ba ne.

Mai gudawa ko amai bai kamata ya taɓa abincin mutane ko kwanukansu ba har sai ya yi awa 48 da warkewa. Taifod, kwalara, ciwon hanta nau'in A, duk hanyarsu ɗaya: daga bayan gida zuwa hannu, daga hannu zuwa bakin wani. Akwai ma waɗanda ke warkewa daga taifod amma ƙwayar ta maƙale a maɗaciyarsu, su yi ta yaɗa ta ba su sani ba. Shi ya sa ake buƙatar masu aikin abinci su riƙa gwajin lafiya lokaci-lokaci. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton kwalara ta kama a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, mafi yawansu a jihohinmu na Arewa.

Na san wannan bahon da kike faɗa. Da safe ruwa ne, kafin hantsi ya koma ruwan toka, manja na yawo a sama, ƙwayoyin shinkafa sun kwanta a ƙasa, kumfa ta mutu. A tsoma faranti a fitar, a goge da tsumman da ke rataye a kafaɗa tun safe, a zuba wa na gaba. Cokalin da ya fito daga bakin mai tari ya bi ta nan ya shiga bakin wani. Haka kwanon wanke hannu guda da mutum goma ke tsoma hannu a ciki, na ƙarshe datti ya ɗiba.

Ki kai wa uwar ɗakinki wannan amsar, da ladabi. Hajiya, da ke nake yanzu. Ko da jarka biyun za a iya gyarawa. A kankare ragowar abinci tas kafin faranti ya shiga ruwa. A raba ruwan baho uku ƙanana: na sabulu, na ɗauraya, da na ƙarshe mai zafi ko mai 'yan ɗigon kulorin bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar. In na farko ya yi datti a zubar, na biyu ya koma mazauninsa. A kife kwanuka a kwando su sha rana, kada a goge su da tsumma. Masu ci a zuba musu ruwa da buta, ga sabulu a gefe. In kuɗi ya matse, ki rage girman faranti ko yawan kalolin abinci, masu saye za su fahimta, amma jarka ta uku ki saye ta. Yarinyar nan kuma ki ba ta hutun kwana biyu ki biya ta. In kika tilasta mata zuwa, gobe za ta ɓoye miki ciwonta, ranar da mutum goma suka kwanta kuma sunan gidanki za a kira. A da duba-gari ke zagayawa suna leƙa randa da tukunya. Yanzu sun yi ƙaranci, amanar ta dawo wuyanki.

Ke kuma 'yata, ki yi ta shan ruwan gishiri da sukari. In gudawar ta kai kwana uku, ko kika ga jini, ko zazzaɓi ya shigo, ki zo asibiti.

Tambaya daga wata uwa a Katsina: Ɗana mai shekara uku ya ci taliyar da babansa ya sayo a waje, tun dare yake amai da gudawa. Na ba shi Flagyl daga kemis. Me zan ƙara?

Amsa: Maman yaro, Allah ya ba shi lafiya. Ki ajiye Flagyl ɗin. Yawancin gudawar da abinci ke jawowa ba ta buƙatarsa, kuma kada ki ba shi maganin tsayar da gudawa irin na manya. Abin da ke kashe yara ƙarewar ruwan jiki ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓataccen abinci na kashe mutum 420,000 a shekara, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Ki sayi ORS, wato garin ruwan gishiri da sukari na leda, ki haɗa yadda aka rubuta a jiki. In babu, ki samu ruwa mai tsabta lita 1, wato ledar fiya wata biyu, ki zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada gishirin ya wuce haka. Duk bayan da ya yi gudawa ki ba shi rabin kofi zuwa kofi ɗaya, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai ki jira minti 10 ki ci gaba. Wanda ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Ki haɗa masa da ƙwayar zinc mai miligiram 20, ɗaya kullum na kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Kada ki hana shi abinci: kunu, ayaba, tuwo mai laushi, duk abin da ya karɓa.

Amma ki dube shi yanzu. In idanunsa sun zurma, ko yana kuka ba hawaye, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko kin ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da sauri, ko ya yi laushi ba ya iya sha, ko akwai jini a kashin, ko kashin ya koma fari kamar ruwan wankin shinkafa, kada ki jira gari ya waye ko babansa ya dawo. Ki goya shi ku tafi asibiti mafi kusa, ki riƙe ruwan gishiri da sukarin a hannu kina ba shi a hanya.